Yadda Glasgow ta haƙa wa kanta kogi, da yadda jirage suka fi ƙarfinsa

Tambaya: Na karanta cewa birnin Glasgow na Sikotland ya taɓa ƙera kashi ɗaya cikin biyar na jiragen ruwan duniya, alhali ba a bakin teku yake ba. Ta yaya garin da ke kan ƙaramin kogi ya kai haka, kuma me ya durƙusar da masana'antunsa?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka karanta haka yake. A 1913 masana'antun da ke gaɓar Kogin Clyde sun kammala jiragen ruwa da jimillar girmansu ta kai kusan tan 757,000, wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da duniya ta ƙera a shekarar. Amma shekara 160 kafin nan, idan ruwan teku ya janye, mutum yana iya naɗe wando ya tsallake kogin da ƙafa a wurare da dama. Kogin da ya ɗauki waɗannan jirage mutane ne suka matse shi, suka yashe shi, suka fasa dutsen da ke ƙarƙashinsa, aikin da ya ci fiye da ƙarni ɗaya da rabi. Idan ka riƙe wannan, tashin garin da faɗuwarsa duk za su fito maka a fili.

Glasgow ta fara ne a matsayin garin addini. A ƙarni na 6 wani malamin Kirista, Mungo, ya kafa coci a bakin ƙoramar Molendinar da ke zuba a Clyde. An keɓe babban cocin dutse a 1136, kuma wajen 1175 Sarki William ya ba bishop ɗin garin izinin cin kasuwa duk ranar Alhamis. An kafa jami'a a 1451. A duk tsawon wannan lokaci amfanin kogin bai wuce kamun kifi da kasancewarsa wurin tsallakawa ba, domin faɗi gare shi, ba zurfi, ga tuddan rairayi ko'ina. Jirgin teku sai ya tsaya can ƙasa, a sauke kaya a ƙananan jirage su lallaɓo da shi. Da abin ya ishi 'yan kasuwar garin, a 1668 hukumar birnin ta sayi fili a Newark, kimanin mil 20 wajen teku, ta gina tasharta ta kanta da ake kira Port Glasgow.

Kuɗin da suka gina birnin sun fara shigowa ne bayan 1707, lokacin da Sikotland ta haɗe da Ingila, aka buɗe mata kasuwannin yankunan da Ingila ke mallaka a Amurka. Glasgow tana gaɓar yamma, don haka jirginta yakan riga na Landan isa Virginia da mako biyu zuwa uku. 'Yan kasuwarta sun kuma fito da dabara: maimakon su jira manyan manoma su aiko da taba a sayar musu, sai suka buɗe kantuna a cikin ƙauyukan Virginia da Maryland, suna ba ƙananan manoma kaya bashi, suna karɓar taba a madadin kuɗi. Kafin jirgi ya iso kaya na jiransa, ba ya ɓata kwanaki a tasha. A 1771 tabar da ta shigo Clyde ta kai nauyin fam miliyan 47, aka sake tura mafi yawanta Faransa da Holan da Jamus. Dole a faɗi wanda ya noma ta. Bayi ne 'yan Afirka, kamar yadda su ne suka noma rake a Jamaika da audugar da masaƙun garin suka koma kai bayan yaƙin 'yancin Amurka na 1775 ya karya cinikin taba. Har gobe akwai titin Virginia da titin Jamaica da titin Glassford a tsakiyar birnin, na ƙarshen nan da sunan John Glassford, ɗaya daga cikin manyan attajiran taba. A 2019 Jami'ar Glasgow ta yi alkawarin fam miliyan 20 don aikin haɗin gwiwa da jami'ar yankin Karibiyan saboda abin da ta amfana da shi daga dukiyar bauta, kuma majalisar birnin ta nemi afuwa a 2022. Duk tarihin Glasgow da ya tsallake wannan ya bar tushen jarinta a baya.

Yanzu ga aikin kogin kansa, wanda a ganina shi ne zuciyar amsarka. A 1755 injiniya John Smeaton ya auna shi, ya tarar akwai wurin da zurfinsa bai wuce inci 15 ba idan teku ta janye. Ya ba da shawarar a datse kogin da madatsa mai ƙofa don ruwa ya taru. Ba a gina ta ba, kuma hakan ya yi wa garin rana, domin da an gina da girman ƙofar nan ne zai ƙayyade girman duk jirgin da zai shigo har abada. A 1768 John Golborne na Chester ya kawo wata hanya dabam. Ya lura cewa ruwan da ya bazu ba ya gudu, ruwan da ba ya gudu kuwa ajiye rairayi yake yi. Sai ya ce a jera katangun duwatsu daga gaɓa biyu suna miƙowa cikin kogin, a rage masa faɗi, ruwan ya ƙara ƙarfi ya kwashe rairayin da kansa, kamar yadda ruwan tiyo ke ƙara ƙarfi idan ka danne bakinsa da yatsa. An gina irin waɗannan katangu fiye da 100. Inda ƙasan ya yi tauri har ruwa ya kasa kwashewa, sai a ja manyan garmunan ƙarfe a kai a karce shi. A mashigin Dumbuck, inda kogin ya rabu gida biyu, ya gina doguwar katanga mai yadi 800 a 1773 ya tilasta ruwan bin hanya ɗaya. Zuwa 1775 jirgin da ke nutsewa ƙafa shida cikin ruwa yana iya zuwa har Broomielaw, tsakiyar gari.

Dabarar tana da nata aibin. Tsakanin katanga da katanga ruwa yakan yi juyi, ya haƙa rami nan ya tara tudu can, zurfin ya ƙi daidaita. A farkon ƙarni na 19 injiniyoyi John Rennie da Thomas Telford suka duba matsalar, aka bi shawarar haɗe bakunan katangun da wata katanga mai bin tsawon kogin. Bayanta aka riƙa zuba taɓon da aka yaso, sai ga sabuwar ƙasa shimfiɗaɗɗiya a gaɓa, wadda daga baya aka kafa matsayun jirage da masana'antu a kanta. A 1824 jirgin yashe kogi mai injin tururi ya fara aiki, da jerin bokitan ƙarfe a sarƙa suna ɗebo taɓo ba tsayawa. Daga 1862 aka samo jirage masu ƙofa a ciki da ke kai taɓon can Loch Long, wani reshen teku mai zurfi, su zubar. A 1854 wani jirgi ya daki dutse a Elderslie, aka gano akwai ƙaton dutse kwance a ƙarƙashin hanyar, aka shafe shekaru gommai ana huda shi ana fasawa da nakiya. Kuɗin duk wannan daga harajin jiragen da ke shigowa yake fitowa, a ƙarƙashin hukumar kula da kogin da aka yi wa sabon tsari a 1858. Kuma aiki ne da ba ya ƙarewa, domin ranar da aka daina yashewa ranar kogin ke fara cikewa.

Zurfin kogi kaɗai ba zai sa a ƙera jirgi ba. Abin da Glasgow ta samu a bayan gida shi ne kwal da tama a gundumar Lanarkshire. A 1801 David Mushet ya gano wata irin baƙar tama mai gauraye da kwal a jikinta, amma narka ta da tsada. James Beaumont Neilson, manajan kamfanin iskar gas na birnin, shi ya warware wannan a 1828. A lokacin masu narkar da ƙarfe sun yi imani iska mai sanyi ta fi kyau a hura wa tanderu, saboda sun ga ya fi aiki da hunturu. Ainihin dalilin kuwa iskar hunturu ba ta da laima sosai. Neilson ya nuna cewa iska mai sanyi tana shanye zafin tanderun ne, ya ce a fara bi da ita ta bututun ƙarfe a kan wata wuta dabam kafin a hura. A masana'antar ƙarfe ta Clyde, kwal ɗin da ake ƙonawa don samun tan ɗaya na ƙarfe ya sauko daga tan takwas zuwa biyar da 'yan kai, sannan da aka ƙara zafin iskar zuwa 1833 ya koma tan biyu da kwata, kuma ana zuba ɗanyen kwal ba sai an gasa shi ba. Matsalar farko ita ce bakin bututun da ke shiga tanderun yana narkewa, sai da aka zagaya masa ruwan sanyaya. Ƙarfen da Sikotland ke fitarwa ya tashi daga ƙasa da tan 40,000 a 1830 zuwa sama da rabin miliyan kafin 1850.

Ga ƙarfe mai araha, ga kuma gwanayen inji. A Glasgow James Watt ya yi tunanin gyaran injin tururi a 1765. A 1812 Henry Bell ya sa ƙaramin jirginsa Comet jigilar fasinja tsakanin Glasgow da Greenock, jirgin tururi na haya na farko a Turai. Robert Napier, wanda ya ƙera injunan jiragen farko na Cunard, kamfanin jiragen tsallaka Atlantika, a 1840, ya buɗe filin ƙera jiragen ƙarfe a Govan da ke bakin Clyde, kuma da yawa daga cikin masu masana'antun da suka biyo baya a wurinsa suka koyi aiki. Ɗaya daga cikinsu, John Elder, da abokinsa Charles Randolph, sun fito a 1854 da injin da ke amfani da tururi sau biyu: ya fara tura ƙaramar silinda yana da ƙarfi, sannan ya wuce babba ya ƙarasa sauran ƙarfinsa. Wannan ya rage cin kwal da kusan sulusi. Ga mai jirgi, duk tan ɗin kwal da bai ɗauka ba tan ne na kayan da za a biya shi, kuma jirgin yana iya tafiya mai nisa bai tsaya shan kwal ba. A 1881 jirgin Aberdeen ya tabbatar da injin A. C. Kirk mai amfani da tururi sau uku. Masu odar jirgi suna zuwa Clyde ne saboda injin, gangar jikin ta biyo baya.

Yadda ake haɗa jikin jirgin ya cancanci a tsaya a kansa. Faranti-farantin ƙarfe ake ɗorawa baki kan baki, a huda su, a ɗinke da ƙusoshin ƙarfe masu zafi. Kowace tawaga tana da yaron da ke gasa ƙusa a murhu har ta yi ja, da wani yaron da ke cafe ta ya zura a rami, da mutumin da ke danne kanta daga ciki da ƙaton ƙarfe, da maƙera biyu a waje, ɗaya bahago ɗaya mai dama, suna dukanta bi da bi har bakin ya baje. Idan ƙusar ta huce sai ta tsuke ta matse farantan. Idan aka yi jinkiri ta huce kafin a gama duka, ba za ta cika ramin ba, mai duba aiki zai ƙwanƙwasa ta da ƙaramar guduma ya ji tana rawa, a cire a sake, kuma ba a biyan wadda aka cire, domin da ƙidayar ƙusa ake biya. Jirgin Queen Mary ya ci ƙusa kusan miliyan 10. Mafi yawan masu wannan aiki kurmancewa suke yi kafin tsufa.

Tura jirgi cikin ruwa ma sana'a ce ta kanta a kogi mai ƙunci. Ana gina shi a kan gangare, a shafe katakon da zai zame a kai da kitse da sabulu, a ɗaura masa tarin sarƙoƙi da za su ja ƙasa su tsayar da shi kafin ya daki gaɓar tsallake. Kamfanin J. & G. Thomson da ya koma Clydebank a 1871, wanda kamfanin John Brown ya saya a 1899, ya zaɓi filinsa daidai inda Kogin Cart ke shigowa, don dogon jirgi ya sami wurin miƙa bayansa. A nan aka tura Lusitania a 1906, da Queen Mary mai tsawon ƙafa 1,019 a 1934 da sarƙoƙi sama da tan 2,000. Idan lissafi ya kuskure kuwa, rayuka ne. Ranar 3 ga Yuli 1883 aka tura jirgin Daphne a Linthouse da ma'aikata kusan 200 a cikinsa don su ci gaba da aiki. Bai da daidaito a ruwa, ya karkata, mutane da kayan da ba a ɗaure ba suka gangara gefe guda, ruwa ya shiga ta ƙofar da aka bari a buɗe don saka tukunyar inji, ya kife. Mutum 124 suka mutu. Daga nan aka taƙaita yawan waɗanda ke hawa jirgi ranar turawa.

Ba jirage kaɗai ba ne. Unguwar Springburn ta ƙera kawunan jirgin ƙasa da ake kaiwa Indiya da Afirka da Kudancin Amurka, ana ɗora su a jirgin ruwa da ƙaton injin ɗaga kaya na Finnieston mai ɗaukar tan 175. Kamfanin Singer ya gina masana'antar keken ɗinki a Clydebank a shekarun 1880. Masana'antar sinadarai ta Charles Tennant a St Rollox ta fara yin hodar farar da tufafi wajen 1800.

Mutanen da suka yi wannan aiki sun kwararo ne daga tsaunukan Sikotland da Ailan. Yawan jama'a ya tashi daga 77,000 a 1801 zuwa 762,000 a 1901, ya haura miliyan ɗaya a 1912. Iyali guda a ɗaki guda, a benayen haya masu hawa huɗu, makewayi ɗaya na mutane da yawa. Kogin ya zama kwatar gari da ta masana'antu, kifin salmon ya ɓace daga cikinsa, kuma daga shi ake shan ruwa. Kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a 1832, ta dawo a 1848 da 1853. Maganin da ya yi aiki shi ne janyo ruwa daga tafkin Loch Katrine da ke tsaunuka, ta magudana mai tsawon mil 26 zuwa matattarar Mugdock, gangara kawai ba famfo, galan miliyan 50 a rana. Sarauniya Victoria ta buɗe shi a 1859, kuma da kwalara ta sake zuwa a 1866 waɗanda suka mutu ba su kai ɗari ba. Matsalar gidaje ita ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A 1915, maza suna fagen yaƙi, masu gidaje suka ƙara kuɗin haya, matan Govan ƙarƙashin Mary Barbour suka ƙi biya, suna tare masu zuwa fitar da mutane, har gwamnati ta kafa dokar daskarar da kuɗin haya kafin shekarar ta ƙare. A daren 13 da 14 ga Maris 1941 jiragen yaƙin Jamus suka yi wa Clydebank ruwan bama-bamai, mutum 528 suka mutu, cikin gidaje kusan 12,000 waɗanda ba su taɓu ba ba su kai goma ba.

To me ya kawo durƙushewar? Alamar farko ta bayyana tun ana ganiyar alfahari. A Maris 1936, da Queen Mary za ta fita teku, duk da ƙarin yashewar da aka yi dominta da rage mata nauyi, sai da ta ɗan taɓa ƙasa a wata kwana. Kogin ya kai iyakarsa. Bayan yaƙin duniya na biyu hanyar ƙira ta canza: walda ta maye gurbin ƙusa, ana haɗa manyan ɓangarori a cikin rumfa, a ɗauko su da injin ɗaga kaya a jona. Wannan yana son fili mai faɗi da bakin ruwa mai zurfi, filayen Clyde kuwa a matse suke tsakanin kogi da benayen haya. Japan, wadda ta gina sabbin filaye a bakin teku, ta wuce Birtaniya a 1956, Koriya ta Kudu ta biyo baya. Rufe mashigin Suez a 1956 da 1967 ya sa kasuwa ta koma kan manyan tankokin mai da ba za su taɓa shiga Clyde ta sama ba. Daga 1958 masu tsallaka Atlantika ta sama sun fi masu bin ruwa yawa, kasuwar jiragen fasinja ta mutu. Kwantena ta kwashe cinikin tasha zuwa Greenock a 1969. Tamar Lanarkshire ta riga ta ƙare, ana shigo da ita daga waje. Kamfanin North British mai kawunan jirgin ƙasa ya kasa komawa dizal yadda ya kamata, ya rufe a 1962.

Akan ɗora laifin a kan yajin aiki da rigimar ƙungiyoyin ƙwadago kan wane ne zai yi wane aiki. Rigimar ta faru, ta kuma jawo jinkiri. Amma ban yarda ita ce babbar ba. Ma'aikacin da ake sallama ranar da aka tura jirgi dole ya kare iyakar sana'arsa. Masu kamfanonin sun sami shekaru kusan goma bayan 1945 oda ta yi musu yawa, ba su zuba ribar a sabbin injuna da filaye ba, daga baya suka riƙa karɓar kwangila a kan tsayayyen farashi alhali kaya na tashi. Jirgin fasinja Queen Elizabeth 2 (QE2) da aka tura a 1967 asara John Brown ya yi a kansa. A 1968 aka haɗe kamfanoni biyar wuri guda da sunan Upper Clyde Shipbuilders, a Yuni 1971 ya karye bayan gwamnatin Firaminista Edward Heath ta ƙi ba shi fam miliyan 6. Ma'aikatan, da Jimmy Reid da Jimmy Airlie a gaba, suka ƙi tafiya yajin aiki, suka riƙe ƙofofin filayen suka ci gaba da ƙera jiragen da ke hannu, don su nuna aikin yana da rai. A Fabrairu 1972 gwamnati ta sauko ta ba da fam miliyan 35. Wannan ya ceci Govan, amma bai juya akalar kasuwar duniya ba. Singer ta rufe a 1980, masana'antar ƙarfe ta Ravenscraig a 1992.

A daidai wannan lokaci aka rushe tsofaffin unguwanni, aka kwashe mutane zuwa rukunin gidaje a gefen gari irin su Easterhouse da Castlemilk, da sabbin garuruwa irin su East Kilbride da Cumbernauld. Sabbin garuruwan sun fi ɗaukar matasa masu sana'a, aka bar tsofaffi da marasa aiki. Jama'ar birnin ta sauko daga sama da miliyan ɗaya a 1951 zuwa ƙasa da 600,000 a 2001. Binciken cibiyar nazarin lafiyar al'umma ta Glasgow a 2010 ya nuna mutuwa kafin shekara 65 ta fi ta Liverpool da Manchester da kusan kashi 30 cikin 100, duk da talaucinsu ɗaya ne. Tsofaffin ma'aikatan filayen jirgi kuma suna ta fama da cutar daji ta huhu daga ƙurar asbestos da suka shaƙa.

An cike tsofaffin matsayun jirage, aka gina zauren taro a kan Queen's Dock a 1985, inda aka yi taron sauyin yanayi na duniya a 2021. Ruwan ya tsarkaka har salmon ya dawo a 1983. A cikin birnin filaye biyu suka rage, Govan da Scotstoun, a hannun kamfanin kayan yaƙi na BAE Systems, kuma jiragen yaƙi kawai suke ƙerawa da odar gwamnati. Yadda ake saka su a ruwa ma ya canza. A ƙarshen 2022, da aka gama jikin jirgin yaƙi HMS Glasgow a Govan, an gangara da shi ne kan wani babban jirgin dako, aka kai shi Glen Mallan da ke Loch Long inda ruwa ke da zurfi, aka nutsar da jirgin dakon a hankali har sabon ya yi iyo, sannan aka jawo shi ya dawo Scotstoun don a ƙarasa masa kayan ciki.